Ɗanladi Zobe da Kofin Ruwansa

A Kurudu in ka tambayi Ɗanladi kafinta, sai a ce maka, wane daga ciki? Amma ka ce Ɗanladi Zobe, har mai sayar da rake zai nuna maka gidan. Mutum ne siriri, mai rufin kwano, wanda ya fi kowa a unguwar sanin sama, don rabin rayuwarsa a kan rufin mutane ya yi ta.

Sunan kuwa a Mpape ya samo shi, shekarar da ƙasa ta yi ta girgiza a can. Ranar yana bisa wani gini sai ya ga wani zobe mai launin bakan gizo ya kewaye rana. Bai gama mamaki ba katakon da yake kai ya motsa. Yadda ya sauko, shi kansa bai sani ba. Tun daga nan ya ɗaure maganar a ransa: zobe a sama, girgiza a ƙasa. An sha gaya masa masana sun ce babu abin da ya haɗa su, ya ce su da ba su kan rufi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ya kwashe iyalinsa ya dawo Kurudu, ya kuma ƙirƙiro dabara. Duk rufin da zai hau, sai ya aza kofin ruwa a kan katako, wai in ƙasa ta motsa ruwan ne zai fara faɗa masa. Abin dariyar, da ya buga ƙusa ruwan sai ya kaɗa. Sau nawa ya diro yana salati, alhali gudumarsa ce.

Bana da bazara matarsa Surayya ta haihu, aka sa wa jaririyar Kauthar. Ɗakin da ya gina musu kuwa tamfol ne kawai a kai, ga damina ta ƙarato. Ranar da ya jingina tsani zai buga kwano, sai ga zoben nan, ɓaro-ɓaro. Gaba kura, baya sayaki. Ɗanladi ya ajiye guduma ya zauna a kan bulo, tsoro ya kama shi sosai.

Maƙwabciyarsu Patricia, tsohuwar manomiya daga Filato, ta leƙo ta ga abin da yake kallo.

“Oga kafinta, wannan ba na ƙasa ba ne,” in ji ta. “A garinmu in rana ya yi haka, ruwa ne yana zuwa. Ni zan je in kwashe shanyana.”

Ya fara ba ta labarin Mpape, wanda ta riga ta haddace. Surayya ta fito da jaririya a kafaɗa, ba ta yi faɗa ba.

“Baban Kauthar, girgiza dai ko ta zo ko kar ta zo. Ruwa fa zai zo.”

Ya dubi yarinyar, ya dubi tamfol. Ya yi bisimilla ya hau. Ya aza kofinsa kamar kullum. Ruwan ya yi ta kaɗawa da kowace ƙusa, shi kuwa ya yi ta ce wa kansa guduma ce, guduma ce. Bayan la’asar hadari ya haɗo daga gabas, ya cinye zoben da ranar gaba ɗaya.

Ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya ajiye guduma. Sai ruwan kofin ya motsa da kansa. Nan take ya rungume katako. Da ya ƙara dubawa, ashe ɗigon farko ne ya faɗa ciki.

Ya sauko jiƙe sharkaf yana dariya. Har yau bai daina ɗaga kai sama ba, kuma kofin yana nan. Sai dai yanzu in ya ga zobe, gida-gida yake bi yana cewa a rufe siminti. A ranar dai ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraron ruwa na dukan kwanonsa, Kauthar na barci a ƙarƙashi, ko ɗigo bai taɓa ta ba.