Busasshen Hannun Uriah Tela

In kana son tarihin cocin Baftis na bakin kasuwa a garinmu Savanna-la-Mar, kada ka je wajen dattawan coci. Za su cika ka da labarin kakanninmu da suka fito daga bauta, suka yi ta dakon duwatsu a ka har ginin ya tashi. Gaskiya ne, amma kowane cocin Baftis a Jamaika haka zai gaya maka. Abin da mu kaɗai muka mallaka shi ne Uriah Pinnock, tela, wanda fastoci shida suka ci alwashin sai sun tsoma shi a ruwa, biyar suka bar garin da takaicinsa.

Shi ke ɗinka fararen rigunan baftisma. Shi ke liƙa 'yar dalma a bakin rigar mata, don kada ruwa ya ɗaga ta a ga abin da ba shi aka zo gani ba. Duk wanda aka dulmiya a tekun nan da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a cikin ɗinkin Uriah aka dulmiya shi. Shi kuwa gogan naka, ko idon sawunsa teku bai sani ba. Yana yaro ya faɗo daga kwale-kwalen ubansa, ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi, tun ranar ya ƙulla gaba da duk ruwan da ya fi ƙarfin bokiti.

Mu kuma Baftis ba ma yayyafi. Wannan aikin 'yan Angilika ne, masu tsoron mura. Mu sai an nutsar da kai gaba ɗaya, daga tsakar ka har ɗan yatsan ƙafa. Don haka Uriah ya tsufa a bencin baya. In ana waƙa muryarsa ta danne ta kowa, in aka zo rabon Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da masu baftisma kaɗai ke karɓa, sai ya ɗaga kai yana duban rufi kamar mai neman inda ke yoyo.

Faston farko, wani Bature mai jan wuya, da wutar jahannama ya yi masa barazana. Uriah ya ce, "Fasto, wuta kuma? Ai ni da ruwa muke rigima." Wani faston ya lallaɓa shi har bakin teku, an ma sa masa riga. Igiyar ruwa na lasar ƙafarsa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya keta kasuwar kifi cikin farar riga, mata na watsar da faranti suna ihun fatalwa. Da babbar guguwa ta yaye rufin coci, aka yi ta cacar baki kan gyara har jama'a ta rabu biyu. Waɗanda suka ɓalle suka gina nasu a saman gari, har da kwamin baftisma a cikin ɗaki, mai ruwan ɗumi. Suka gayyaci Uriah ya zo ya gani, ko a dace. Ya leƙa, ya ja da baya, ya ce shi bai taɓa ganin kabari mai famfo ba sai yau.

Matarsa Icilda, mai suyar kifi, ita ke ba da waƙa a coci, kuma bakinta ba ya hutu. Kullum sai ta ce, "Kai dai ka ji kunya, ƙato da kai. Ranar tashin matattu zan wuce ka a ƙofa, ko waiwaye ba zan yi ba."

Shi kuma ya ce, "Za ki waiwayo. Wa zai rage miki rigar mala'iku, ke da ba ki da tsawo?"

Haka suka yi ta yi har furfura ta gama da su. Sai Icilda ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Aka binne ta a harabar coci, gindin mangwaro, aka bar fili na mutum ɗaya kusa da ita. Uriah ya rame, keken ɗinkinsa ya yi shiru. Ana cikin shan romon kan akuya na zaman makoki, Sista Merlene, shugabar matan coci, wadda ba ta taɓa tauna magana ba, ta ce masa, "Mas Uriah, ka daina kallon filin nan. Ka san ƙa'ida. Cikin shinge na waɗanda aka yi wa baftisma ne. Kai maƙabartar gwamnati za a kai ka, can bakin fadama wajen sauro."

Maganar ta soke shi, don ya san ba ƙarya ta yi ba. Mako bai zagayo ba ya sami Fasto Gayle, sabon faston, wani siririn saurayi da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Uriah ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, ka dai iya ruwa ko?"

Ranar Lahadin da aka sa za a yi masa baftisma, tirƙashi! Gari ya tashi kaf. 'Yan saman gari sun zo, 'yan Angilika sun zo, har mashaya giyar rake da ba su san hanyar coci ba sun zo da kujerunsu. Dattawa biyu suka riƙe Uriah kamar za a kai bunsuru mahauta. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Fasto ya ɗaga murya ya ambaci sunaye ukun, ya kwantar da shi ta baya. Nan fa ido ya raina fata. Uriah ya cafki wuyan Fasto da hannun dama, suka nutse tare, ba a ganin komai sai kumfa da hannu ɗaya a miƙe sama, yatsu a ware.

Da ƙyar aka tsamo su. Mawaƙa suka ɓarke da halleluya, mata na kuka, an lulluɓe Uriah da tawul a kan yashi. Sai muryar Sista Merlene ta tsaga waƙar.

"Hannun bai shiga ba! Da idona na gani, a bushe yake ƙayau!"

Fasto yana tari yana fitar da ruwa ta hanci, ya ce, "Haba Sista, Allah zuciya yake dubawa."

"Shi ya duba zuciya, ni hannu na duba."

Wani daga cikin mashaya ya ɗaga murya, "To a binne shi a ciki mana, a bar hannun a waje ta saman shinge!" Aka tuntsire da dariya, har dattawa na sunkuyar da kai. Fasto, wanda ya ga lahira da idonsa bai kuma shirya komawa ba, ya yanke hukunci: baftisma ta yi, magana ta ƙare, kowa ya tafi gida.

Uriah bai yi dariya ba. Ya ɗago hannayensa biyu yana dubawa.

Ya ce, "Merlene, wanne ne?"

"Na hagu."

Uriah ya zame tawul ɗin ya yar. "Fasto, mu koma."

"Mas Uriah, na ce maka ta yi. Filin naka ne, ba mai hana ka."

"Na auna filin nan," in ji Uriah. "In aka kwantar da ni, Icilda a haguna take. Da wane hannun zan taɓo ta?"

Tsohon ya cusa hannun hagu a hammatarsa ta dama ya matse gam. Ba mai riƙe da shi, yana kuka wiwi don tsoro, ya nufi ruwan shi kaɗai, Fasto na bin sa a baya.