Tsanwar da Na Zaɓa wa Ɗiyar Kawuna

Ni baƙa ce, irin baƙin dangin uwata, wanda in na shafa mai na fito rana har ƙyalli nake yi. A Urafane na tashi, inda rabin 'yan matan unguwarmu kalata gare su, don haka ban taɓa ɗaukar fatata abin tunani ba sai ranar aurena.

Ɗiyar kawuna ce ta yi mani kwalliyar amarci. Ta girme ni, a Tasawa take aure, mijinta ma'aikacin duwan ne, wato kwastan. Da can wankan tarwaɗa ce, amma tun da ta shiga birni ta kama shafe-shafen man ƙara haske, har fuskarta ta yi fari sol, sai gaɓoɓin yatsunta ne suka ƙi bin ta. Ta je Maradi ta koyo makiyaj, ta dawo da wani akwati mai hawa-hawa cike da hoda da jan baki da gazal. Da aka sa ranar bikina, da bakinta ta ce wa Inna kada a kira kowa, ai ƙanwarta ce, ita za ta yi. Ita ce kuma ta zaɓo mani shaddar da zan sa ranar wuni, wata ruwan toka mai duhu. Ta ce ita ake yayi.

Ranar ta zaunar da ni a kan turmi cikin ɗakin Inna, ta ce in rufe ido. Na ji tana ta shafa, tana ta goga, tana hira da ƙawayena. Da ta gama na ce ta miƙo mani madubi.

"Ke, amarya ba ta duba madubi," in ji ta, "sai ki ruɗe ki yi ta kuka, ki ɓata mani aiki."

Ta ja mayafi ta rufe ni. Da aka fito da ni tsakar gida, dangin mijina da suka zo daga Baudeta suna zaune jere a kan tabarmi. Aka yaye mayafin. Sai na ji wata ta ƙyalƙyale da dariya a baya, wata kuma ta tsawata mata. Na zaci wasan dangin miji ne.

Washegari na ga hoton a gurup ɗin dangi na waya. Fuskata fari fat kamar wadda ta faɗa tokar murhu, wuyana baƙi ƙirin, kai ka ce aron kan aka yi aka ɗora. Leɓena ruwan hoda, saman idona shuɗi, ga shaddar nan mai ruwan toka ta ƙarasa kashe ni. A ƙarƙashin hoton ɗiyar kawuna ta rubuta: "Na yi iya yina jama'a, fatar ce ba ta karɓar kwalliya." Aka yi ta turo dariya. Da ƙanena ya yi mata magana, ta ce wasan taubasai ne, wa ya isa ya shiga tsakaninmu.

Mijina ya ce shi dai ya san wadda ya aura. Na gode masa, amma maganarsa ba ta taɓa inda ke yi mani ciwo ba. A lakwal ɗin da nake koyarwa, ranar da na koma aiki, na ga yadda malamai mata suke kallon fuskata suna kau da kai, na san hoton ya riga ni isowa. Duk da haka na yi ta ba ta uzuri. Na ce wataƙila kayan farare kaɗai gare ta.

Bayan 'yan watanni aka gayyace mu biki a Mayahi, ƙanwar wata abokiyar aikina. Amaryar ta fi ni baƙi. Da aka fito da ita sai da na riƙe baki: fuskar nan sumul, daidai da wuyanta, leɓe ruwan makuba, ido ya sha kwalli. Na tambayi wa ya yi mata, aka ce wata ce daga Tasawa, tana ciki tana haɗa kaya. Na leƙa ɗakin. Ɗiyar kawuna ce. Akwatinta a buɗe, ga hodar baƙaƙe nan iri-iri a hawan ƙasa, wata har ta cinye ta ga gindin gwangwani. Ba sabuwar saye ba ce. Tana da ita ranar da ta zaunar da ni a kan turmi.

Ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi. "A'a, amaryar toka, ke ma kin zo?"

Na ce, "Na zo, Yaya. Sannu da aiki."

Kafin mu iso gida na riga na yanke cewa sai na rama, kuma da abin da ta cuce ni da shi zan rama.

Na fara da kaina. Na roƙi telanmu ya riƙa tara mani ƙyallaye. Ranar da babu lakwal, da hantsi, sai in fito da madubi ƙofar ɗaki in zauna, in riƙa kara ƙyalle ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin haɓata. Ruwan toka da ruwan ƙasa suna shanye ni, in zama kamar marar lafiya. Ruwan goro kuwa, da na kara shi sai na ga ashe ƙwayar idona ba baƙa ba ce, akwai ruwan zuma a cikinta, abin da ban taɓa lura da shi ba. Ruwan ɗorawa ya karɓe ni, fari tas ya karɓe ni. Amma wadda ta fi duka ita ce wata tsanwa mai haske, kamar ɓawon lemun tsami da ya fara nuna. Na sayi hoda daidai fatata a Maradi, na watsar da jan baki mai haske. Mutane suka fara tambayata ko na canza mai.

Dama ta zo da auren ƙanena. Ni ce babbar ya, ni ke da fitar da anko. A danginmu kuwa ƙin sa anko daidai yake da yanke zumunta.

Na ɗebi ƙyallaye na tafi Tasawa, gidanta. Na ce, "Yaya, ke kika san kala, ki taya ni zaɓe." Ta ji daɗi ƙwarai. Na ce mu fito waje, cikin ɗaki ba a ganin kala sosai. Ba ta yi kwalliya ba ranar. A hasken rana na ga abin da man nan ya yi mata: kumatun sun yi ja kamar ƙuna, gefen ido ya yi duhu, sauran fuskar rawaya-rawaya. Na riƙa kara mata ƙyallayen a kafaɗa kamar mai neman shawara. Ruwan hoda ya rufa mata asiri, ruwan hanta ma haka. Da na kara tsanwar, sai murna ta kama ni. Jan kumatun ya taso, rawayar ta ƙara fitowa, ta koma kamar wadda ta tashi daga jinya.

Ta ture ƙyallen. "Kai, wagga ba ta yi ba. Ki ɗauki ruwan hodar nan."

Na ce, "To, Yaya."

Na wuce kasuwa na sa aka kawo mani tsanwar, bandir-bandir. Sai da aka raba wa kowa, wasu har sun kai ɗinki, sannan na aika mata da nata. Ta kira ni a waya tana faɗa. Na ce mai kanti ne ya ce ruwan hodar ta ƙare. Ta kai ƙara wurin kawu, shi kuwa ya ce mata zane dai zane ne, kada ta kunyata shi a bikin ɗan ƙanwarsa.

Ranar wuni a Urafane aka kafa rumfa a ƙofar gida, ana tsakiyar zafi. Matan danginmu, baƙaƙe da masu duhu, suka fito cikin tsanwa kamar gonar wake bayan ruwa. Ni na ɗaura kallabina ya tashi, na zizara kwalli, na sa 'yan kunnen zinariya. Ita ta iso a makare, ta lafta hoda mai kauri don ta rufe kumatun. Kafin la'asar gumi ya tsattsaga hodar, jan ya leƙo ta ko'ina. Na je na kamo hannunta, na zaunar da ita kusa da ni a gaba, inda rana ke shigowa ta gefen rumfa. Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya gan mu tare.

Wata tsohuwa daga dangin amarya, cikin Fulanin da ke kawo nono kasuwarmu, ta zo ta tsuguna gabanta ta ƙura mata ido.

"Ɗiyata, sannu. Tun yaushe shawara ta kama ki?"

"Lafiyata lau, Iya."

"A'a, kada ki ɓoye. Dubi idonki, dubi fuskarki. Akwai sassaƙen da nake da shi, in kin sha kwana kaɗan za ta sake ki."

Tsohuwar da gaske take, kuma da ƙarfi take magana. Nan da nan mata suka fara matsowa suna yi mata sannu da jiki. Wata ta ce a kai ta wurin likita, wata ta kawo mata ruwa, wata ta ce dama tun shigowarta ta ga alama. Ta waiwayo ta dube ni, idonta ya cika da hawaye. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Yaya, wasan taubasai ne." Ta tashi, ko abinci ba ta ci ba, ta sa direban mijinta ya mai da ita Tasawa. Ni kuwa na shiga fili na yi rawa har ƙafafuna suka yi ciwo.

Da aka watse muna tattara kwanoni, Inna ta kira ni gefe.

"Da gangan kika yi ko?"

"Da gangan na yi, Inna."

Ta ce, "Allah shi shirye ki. Ɗiyar ɗan'uwana ce fa." Ni dai ba ni da niyyar ba da haƙuri, kuma har yau ban ba da ba. Muna gaisawa da ita a wurin suna da ta'aziyya, iyakarta ke nan, ni kuma hakan ya yi mani.

Inna ta juya za ta shiga ɗaki, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta shafa zanen ankon da ke jikinta.

"In akwai saura," in ji ta, "ki aje mani. Ina son in ƙara riga guda."