Asabar ɗin da Inna ta sake fassara mana fim

Ba zan rantse a kan duk abin da zan faɗa ba. An kwana biyu, kuma a lokacin hankalina ba a kwance yake ba, mai yiwuwa ma na sa wani abu gaba alhali a baya ya faru.

Bayan Inna ta fita takabar mahaifinmu, na ɗauko ta daga Zariya zuwa gidan da muke haya a unguwar Kwamba, kusa da Abuja. In fita aiki Abuja da sassafe, in dawo in tarar da ita inda na bar ta, a bakin gado da carbi. Tana amsa gaisuwa, amma hira ta ɗauke. 'Ya'yana biyu Hausarsu rabi Turanci ce, sai dai ta bi su da ido. Wata safiya ta ce min da damina ta wuce za ta koma gida. Gidan kuwa ba kowa, ga ta da hawan jini.

Muna yara, Inna ce ke fassara mana finafinan Indiya. A iya sanina ba ta jin Indiyanci ko kaɗan. Amma in aka sa kaset, ita ke gaya mana abin da kowa ya ce, har waƙoƙin, ba ta ko gargada. In aka zo inda jarumi da jaruma za su yi rawa cikin ruwan sama, sai ƙishirwa ta kama ta, ta tura mu duka randa.

Na yi tunanin ko fim zai haɗa ta da jikokinta. Na je wajen wani mai tura finafinai a bakin kasuwa, na kwatanta masa wanda ta fi so, na wani mai gyaran laima da 'yarsa mai waƙa. Ya ce akwai fassarar Hausa, akwai na asali. Na zaɓi fassarar, a ganina na sauƙaƙa wa kowa.

Ranar Asabar da aka kawo wuta muka zauna a falo. Mai fassarar yana zuba kamar ana korarsa, yana sako barkwanci, waƙoƙin ma duk an yanke. Yara suna ta dariya. Inna ta miƙe ta ce bayanta na ciwo. Na ɗauka na fama mata ciwon rashin Baba ne, har na fara tunanin ko bai dace a kunna mata waƙa yanzu ba. Matata ce ta kalle ni ta ce, "Kai ma dai, ka kawo mata wanda ya ƙwace mata aiki."

Asabar ta gaba na kawo na asali, ina ɗar-ɗar. Hoton ya dushe, sautin yana rawa. Ba a jima ba ƙaramin ya fara mita wai ba ya gane komai, a mayar musu da katun. Har na ɗauki rimot.

"Kai maigida, matso nan," in ji Inna, tana kallon jikan nata. "Miji guda, ba ka jin yare? Cewa ya yi laimar nan ta girme ka."

Yaron ya ce ƙarya ne, bakin mutumin ya daɗe yana motsi. Ta ce sauran zagi ne, ba na yara ba. Da aka fara waƙa ta bi ta a hankali, da kalmomin da na tabbata babu su a kowane yare, babbar 'yata tana kwaikwayonta. Da hadari ya haɗo a fim ɗin na tuna rawar cikin ruwan sama ce ke tafe, ga shi na manta da wurin nan. Sai na ji Inna ta yi gyaran murya ta ce a je firji a ɗauko mata ruwa, su biyun duka. Na tashi ni ma, ban san na tashi ba.

Damina ta wuce ba ta sake tayar da maganar Zariya ba. Ba zan ce fim ne kaɗai dalili ba, mai yiwuwa akwai abin da ban gani ba. Na dai san yanzu ita ke tambaya ko za a kawo wuta ranar Asabar.

Yayyena da suka kalli kaset ɗin nan tare da ni, da maƙwabtanmu na Kwamba da suka riƙa leƙowa, in kun ga inda na kauce ku aiko min da gyara. Musamman maganar laimar, don ni a da, kamar ba haka ta fassara mana ita ba.