Muryar Adda a Lasifika

Ni ɗan fari ne, kuma a gidan Fulani na tashi, a wata ruga da ta daɗe da zama ƙauye can gefen Jahun. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko ta aiko ƙanwata da saƙo alhali ina zaune a tsakar gida ina jin ta. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta na kiranta, don a ɗakin kakata na girma. Wannan alkunya ce, kuma matan garinmu da ita ake auna su. Macen da ta nuna son ɗanta na fari a gaban mutane ta zubar da kanta, har jikoki sai sun ji labari.

Ina aji uku a jami'a a Dutse, ina karanta ilimin zamantakewa, aka kawo mana wani sabon malami da ya dawo daga karatu a waje. Dakta muke ce masa. Ranar farko ya sa muka jera kujeru zobe, ya shigo tsakiyarmu ya zauna kamar ɗalibi. Ba ya karanto mana darasi mu rubuta. Yakan naɗi bayaninsa da murya ya turo guruf ɗin aji a waya, mu saurara a ɗaki ko a adaidaita, in an zo aji sai muhawara kawai. Ni da tun firamare ban taɓa ɗaga hannu ba, sai ga ni ina musu da malami, shi kuma yana dariya yana cewa in ƙara. Wallahi na so mutumin nan. Har tafiyarsa na fara kwaikwayo, abokaina suka laƙaba mini ƙaramin Dakta, ni kuwa ina jin daɗi.

Tsakiyar zangon karatu ya ce ba za mu yi gwajin takarda ba. Kowa ya koma gida ya sami wani babba, ya naɗi hirarsa kan yadda rayuwa ta sauya masa. Ya ce littattafan da muke nema suna can zaune a ƙauyukanmu suna tsufa. Wata ɗaliba daga Kafin Hausa ta ɗaga hannu.

"Dakta, iyayenmu mata fa ba sa son a ji muryarsu a waje."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Amana ce tsakanina da ku. Ni kaɗai zan saurara, in ba da maki, in goge. Ku faɗa musu haka da bakina."

Baffa, mahaifina, na so in yi da shi, sai na tarar ya bi shanu gabas, ba a san ranar dawowarsa ba. Kakata ta rasu tun ina sakandare. Saura Adda. Na yi kwanaki ina zagaye-zagaye, daga baya na roƙi ƙanwata ta kai mata maganar, na ce ta jaddada mata mutum ɗaya ne zai ji, malami ne, kuma zai goge. Amsar da ta dawo gajeriya ce: in dai aikin makaranta ne, ya zo.

Da hantsi ne, mutanen gida sun watse, tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗa nono. Na zauna nesa kaɗan na ajiye wayar a kan faifai. Ba ta dube ni ba, ƙwaryar take kallo. Na fara da tambayoyin da Dakta ya koya mana: yaushe aka daina tashi da rani, me ya sa aka kama noma. Tana amsawa a guntule, ni kuma duk a takure nake, don ban taɓa zama ni da ita mu biyu haka ba. Sai na tambaye ta wace shekara ce ta fi wuya. Ta daina kaɗawa.

Ta ce shekarar da aka haifi wancan. Ina gabanta, amma wancan ta ce. Suna kan hanya ne, ruwa ya yanke, shanu na mutuwa, ta haihu a gindin wata tsamiya. Da aka yaye yaron aka miƙa wa kaka kamar yadda aka saba, ta ce ta yi wata guda abinci ba ya wuce mata, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa. Ta ce duk ranar kasuwar Jahun takan raba man shanu biyu, mai kyan ta kai ɗakin kaka ta ce sadaka ce, don ta san bakin wa zai shiga. Ranar da yaron ya tafi Dutse kuwa ta shige bayan rumbu ta yi kuka, ta fito ta ce hayaƙi ne. Muryarta ta karye a nan. Na bar wayar tana ta naɗar kukan kaji.

Na koma makaranta kamar an sauke mini dutse daga ka. Shekara ashirin da wani abu ina zaton haƙuri kawai take da ni. Bayan hirar nan abubuwa suka ɗan sauya. In na zo hutun mako takan zauna kusa in babu kowa, ta tambaye ni ko ana ba mu abinci, kai tsaye, ba ta bakin ƙanwata ba. Na tura wa Dakta hirar ina alfahari. Ya kira ni ofis ya ce bai taɓa samun aiki irin wannan ba, har idonsa ya kawo ruwa.

Bayan wata biyu aka shirya taron bita na malamai kan sabbin dabarun koyarwa. Dakta na cikin masu jawabi, ya gayyaci ajinmu mu zauna a baya mu zama shaida. Na sa babbar rigar Sallah, na yi ta tafi duk inda ya tsaya. Can ya ce bari ya ba su misali ɗaya na abin da takardar jarrabawa ba za ta taɓa fitarwa ba. Ya danna kwamfuta. Sai na ji ƙarar ƙwarya a lasifika, sannan muryar Adda ta cika ɗakin taro.

Ya bari ta kai har bayan rumbu, har hayaƙin. Manyan malamai na gyaɗa kai, wata na share hawaye, wayoyi a sama ana ɗauka. Da ta ƙare ya nuno ni ya ce ga yaron nan, ya faɗi sunan garinmu, ya ce in miƙe. Na miƙe, don ban san yadda ake ƙin miƙewa a gaban mutane haka ba. Aka yi ta tafi.

Washegari na same shi a ofis. Ban taɓa yi wa malami magana a tsaye ba sai ranar.

"Dakta, ka ce kai kaɗai za ka ji. Ka ce za ka goge."

Ya yi murmushi ya ce in zauna. "Ai ban faɗi sunanta ba. Kuma ka duba yadda ta taɓa mutane. Irin wannan al'adar da ke hana uwa nuna wa ɗanta so, ita muke son a yi magana a kanta. Kamata ya yi ka yi alfahari."

"Ba ta ba ka don a yi magana a kanta ba, ranka ya daɗe. Ni ta ba, ni kuma na ba ka amana."

Ya ce na ɗauki abin da zafi, in na girma a harkar bincike zan gane. Ya ma riga ya ɗora bidiyon jawabin a shafinsa na intanet, yana nuna mini yadda ake yabawa. Ashe kallon kitse nake wa rogo. Mutumin da ya zauna cikin zobe yana koya mana mutunta wanda ake hira da shi, a wurinsa Adda misali ce kawai mai kyau da za ta ƙawata jawabi. Na roƙe shi ya cire, ya ce zai duba. Ya cire bayan kwanaki, amma magana zarar bunu ce.

Wani ɗan garinmu mai cajin waya a kasuwar Jahun ne ya fara gani. Ya ga fuskata, ya ji muryar, ai ba ya buƙatar suna. Kafin mako ya zagayo babu gidan da ba a saurara ba. Ƙanwata ce ta ba ni labari a waya tana kuka. A wani suna da aka yi, matan gari suka tasa Adda a gaba da tsiya. Wata ta miƙa mata man shanu ta ce a kai ɗakin kaka, sadaka ce, aka kwashe da shewa. Wata tsohuwa ta ce tunda take ba ta taɓa ganin Bafulatana ta yi wa ɗan fari kuka a rediyo ba. Matar da ake kafa misali da kawaicinta, ita ce ta ɗauki mayafi ta bar gidan suna tun ba a raba abinci ba. Daga nan ta daina zuwa taron mata. Baffa da ya dawo bai yi faɗa ba, ya dai ce mini boko ya koya mini tallar uwata.

Na je gida na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ba ta haƙuri, na rantse mata alkawari aka yi mini aka saɓa. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta kira ƙanwata ta ce, "Ki ce wa wancan ya tashi, ƙasa da sanyi." Shi ke nan abin da na samu. Aka koma 'yar gidan jiya, har ma ta fi da, don yanzu in na shigo tsakar gida da waya a hannu sai ta tattara kayanta ta shige ɗaki.

Dakta ya sami ƙarin girma, na ji har wasu jami'o'i na gayyatarsa ya koyar da dabarar. Ban ce dabarar ba ta da kyau ba. Ita ce ta zaunar da ni gaban mahaifiyata, abin da ba wanda ya taɓa yi mini. Shi ya sa har gobe in na tuna shi raina ke ɓaci, don shi ya buɗe ƙofar nan, shi ya sa aka rufe ta, kuma bai taɓa ganin ya yi laifi ba.

Bara matata ta haifi ɗanmu na fari. Na kai shi gida, na bar wayata a mota da gangan. Adda ta karɓe shi ta daɗe tana kallonsa, babu kowa sai ni da ita. Na yi ƙarfin hali na ce, "Adda, da ni yake kama ina jariri?"

Ta gyara masa zani. Sannan ta ce, ga jaririn take magana, "Wanda na faɗa duniya ta ji. Ragowar kuma nawa ne."