Ranar da Bashir Ya Ce An Ɗage Gwaji

A unguwar Gataa El Oued ta Tamanrasset, in sanyi ya sauko daga duwatsu, da an sallame magariba kowa sai ya nufi wutar Iya. Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Ta biyo shi daga Damagaram lokacin da ya buɗe shagon atamfa a Tamanrasset, kuma har ta rasu ba ta koyi Larabci ba, wai bakinta ya tsufa. Abu ɗaya ta karɓa daga maƙwabtanmu Buzaye, gurasar nan da ake binnewa cikin toka. Kafin ta nuna, mu jikoki mun sha tatsuniya.

Bashir ba ɗan gidanmu ba ne, amma gefen tabarmata wurinsa ne. Tare muke zuwa lekkol, wato makarantar boko, tare muka cire wa ƙarfen ƙafar keke wayoyinsa muka ɗaure a jikin falwaya, bakin busasshen rafi. Nan muka koyi ƙwallon kwando, ba alƙali, ba takalmi, sai ihu da dariya.

Wata rana wani mai horar da 'yan wasa ya tsaya ya kalle mu. Ya ce zai kai ƙungiya gasa can arewacin ƙasar, saura gurbin mutum ɗaya, mu zo gwaji ranar Alhamis. Ran Laraba Bashir ya same ni a shago.

"An ɗage sai mako mai zuwa," ya ce, yana wasa da gefen atamfa.

Ban tambayi kowa ba. Don me zan tambaya? Da na je mako na gaba, mutumin ya dube ni da mamaki. Ya ce ai Bashir ya shaida masa babana ya hana ni, za mu koma Nijar. Har an ba Bashir rigar ƙungiya.

Yammacin nan na zauna nesa da wuta. Iya ta dubi gefen tabarmar da ba kowa. Ta gyara garwashi ta ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe mata kunne."

Wai kanari biyu ne a kan wata bagaruwa, kullum suna waƙa tare don daɗin bakinsu kawai. Wani attajiri ya aiko yana neman mawaƙi ɗaya. Sai ɗayan ya ce wa abokinsa ɗan aiken ba zai zo ba sai bayan damina, shi kuwa ya zagaya ya shiga kejin zinariya. Wanda aka bari ya rantse ba zai ƙara waƙa ba. Rani ya wuce yana kumbure. Ranar da ruwan farko ya sauka, daɗi ya kama shi, ya buɗe baki, bai sami komai a ciki ba.

Iya ta shiga tonon gurasa.

"Shi ke nan?" na ce. "Macucin fa?"

"Yana can yana cin gero."

"Wannan ai ba tatsuniya ba ce, Iya."

"Maigidana," ta ce, don haka take tsokanata, "ni ban ce maka za ta yi daɗi ba."

Na ji haushinta. Na so ta sa shaho ya cinye shi. Washegari na kwance ƙarfen daga falwaya na wurgar, ban sake taɓa ƙwallo ba har na yi gemu, na gaji shagon babana.

Bashir ya yi 'yan shekarunsa a arewa ya dawo, yana tuƙa motar kaya zuwa Hirafok. Mukan gaisa a masallaci. Bai taɓa ɗaga maganar ba.

Wata la'asar ina komawa gida ƙwallo ta gangaro ƙafata daga wani fili. Yara suka yi ta ihu, "Kawu, jefo!" Na jefa, ko kusa da kwandon ba ta je ba. Suka kwashe da dariya, ni ma na ji ina dariya. Na tuɓe takalmi na shiga. Sai kiran salla ya fitar da ni, ina haki, gwiwa na ciwo, zuciya wasai.

A hanya na tuna Iya. Ta san ba za ta iya hukunta Bashir ba, ni take ƙoƙarin cetowa. Gurbi ɗaya ya ƙwace mini, sauran shekarun ni na bi shi da su.

Ba wai na yafe ba ne. Cikin yaran akwai wani siriri mai hannun hagu, ɗan Bashir. Ran nan ya ce mini, "Babana ya ce a da ka fi shi iyawa."

"Ya gaya maka abin da ya sa na daina?"

"Ya ce gajiya ka yi."

Na daɗe riƙe da ƙwallon. Yaron yana jira, hannuwa a buɗe. Na miƙa masa, na ce ya lanƙwasa gwiwa kafin ya jefa.