Kifin Nirapada Maiti

Ranar 9 ga Disamba, 1996, na fara ganin Nirapada Maiti. A lokacin ni ne akawun ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Kalkata, ina tsakiyar rajistar waɗanda za su fita jerin gwanon watan Janairu. Sai ga wani gajeren mutum mai kaurin damtse ya garo taya har cikin ofis, ya jingina ta da teburina.

"Moshai, motar waye a waje, mai ƙafafu kamar na sauro?" Moshai a wurinmu kamar a ce malam ne.

Na ce ta shugabanmu ce, Sanyal Saheb.

"To ka gaya masa tayarsa ta hagu ta girmi kakata. Ga wannan, ya gwada. In ba ta yi ba ya jefa ta kogi."

Tayar ta yi, kuma daga nan muka saba, har na koma kiransa Maiti-da, wato yaya Maiti.

Motocin 'yan ƙungiyarmu na zamanin Turawa ne, ƙafafunsu dogaye sirara, kuma tuni kamfanoni suka daina yi musu taya. Maiti-da ya yi ƙuruciyarsa a wata masana'antar roba a Haura. Da aka rufe ta, ya kwashi tsofaffin mazuban ƙarfe da aka tara za a narkar, ya kai su wata rumfa a bayan gidansa. Kowane mazubi ɓari biyu ne. Yakan naɗa zare da roba da hannu, ya rufe, ya gasa da tururi, taya ta fito sak irin ta da, har zanen ƙasanta. Bambancin ɗaya ne. A ɓarin waje na kowane mazubi ya sassaƙa ɗan kifi kamar tsawon yatsa, da sunansa da rubutun Bangla, saboda haka kowace taya da kifinta take fitowa.

Na taɓa tambayarsa dalili muna shan shayi a ƙofar rumfar.

"Mutum zai ɗora matarsa da jikokinsa a kan abin da na gasa," in ji shi. "In ta fashe, ai ya kamata a san ƙofar da za a buga."

"Kifin fa?"

"Ubana masunci ne, bai iya karatu ba. Shi ma ya kamata ya gane aikin ɗansa."

Shekaru aka yi haka. A 2003 kwamiti ya kafa sabuwar doka: duk motar da ke neman cin kofi a gasar jerin gwanon dole komai nata ya yi kama da ranar da ta baro masana'anta, kuma babu motar da ta baro Ingila da kifi a ƙafa. Sanyal Saheb ba mugun mutum ba ne, kuma yana son tayoyin. Ya ɗauke ni muka je rumfar tare, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda zafi.

"Maiti, abu ne mai sauƙi. Ka cike kifin da walda, ka goge da magagari. Duk 'yan ƙungiya a wurinka za su ci gaba da saye."

"Sunan wa zan sa a wurin, Saheb?"

"Ba sai ka sa na kowa ba."

"Taya marar uba ke nan. Ni ba na haifar irinsu."

"Kai dai ka cika taurin kai. Alƙalan gasa ne ba sa son gani."

"Su rufe ido mana. Ai rabinsu ko giwa ba sa gani sai da tabarau."

Sanyal Saheb ya yi dariya, amma bai janye ba. Ya ce in aka ƙi, 'yan ƙungiya za su koma odar taya daga waje, kuma kowa ya san su ne kusan dukan masu sayen tayoyin Maiti-da.

Wani daga cikin kwamitin ne ya kawo dabarar da kowa ya ɗauka ta kashe maganar. Tunda kifin a gefe ɗaya yake, sai a ɗaura tayar a juye, kifin ya kalli ƙarƙashin mota. Alƙali ba ya rarrafe. Aka aike ni in kai albishir. Maiti-da ya saurare ni har ƙarshe yana murza taba a tafin hannu.

"Wato in shiga ƙarƙashin mota in ɓuya, kamar ɓarawon kaji."

"Maiti-da, ba wanda ya ce haka. Kifinka yana nan, cinikinka yana nan."

"Na ji, moshai. Ka zo ranar bikin Bishwakarma ka ci khichuri. Ka taho da Saheb."

Ranar bikin, wanda masu sana'a ke yi a watan Satumba don girmama kayan aikinsu, ba mai taɓa aiki. An share rumfar, an wanke kayan aiki, an shafa musu jan gari. Mazuban suna jere a buɗe, kowanne da igiyar furanni. 'Yarsa Mithu ta zuba mana khichuri, dafa-dukar shinkafa da wake, a ganye. Ni na fara lura, na ajiye lomar da na ɗauka. A ɗaya ɓarin kowane mazubi, inda da yake sumul, akwai sabon kifi yana ƙyalli. Makonnin da suka wuce ya yi su ne da kurfi a hannu, yana bin mazuban ɗaya bayan ɗaya.

"Yanzu a juya ta duk inda aka ga dama," in ji shi. "Mithu, ƙara wa Saheb, bai ci komai ba."

Sanyal Saheb ya daɗe yana kallon mazuban. "Ka san abin da ka yi wa kanka?"

"Na sani, Saheb. Da hannuna na yi."

Dokar ba ta canja ba. Kafin jerin gwanon da ya biyo baya, yawancin 'yan ƙungiya sun yi odar tayoyi daga waje, har da Sanyal Saheb, wanda ya ci kofi a shekarar. Wasu 'yan kaɗan da ba su damu da kofi ba suka ci gaba da zuwa rumfar, ana sa motocinsu a ƙarshen layi. Wani kuma ya saya ya kankare kifin da reza. Da labari ya kai wa Maiti-da, bai ƙara sayar masa ba.

Cinikin bai isa riƙe gida ba, sai ya koma yin faci da gyaran tayoyin amalanke a bakin titi, yana kunna tukunyar tururi sa'i da lokaci in an samu mai so. Ban taɓa jin ya yi nadama ba, ko da yake ya rame, ya kuma rage barkwanci.

A 2009 shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ya rasu a watan Maris na 2011. Mazuban suna wurin Mithu, a ƙarƙashin matakalar gidan mijinta. Wani dillali daga Pune ya nemi saye, ta tambaye shi ko zai yi musu walda, ya ce ƙila, ta hana shi. Ba a sake gasa taya a cikinsu ba.