Ɗorawar Kaka da Na'urar 'Yan Safiyo

Ƙamshin daddawa ne ya tsayar da ni jiya a kasuwar Gudu, sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru. Bari ka ji dalili.

A Orozo na tashi, a hannun kakata. Tana da ɗorawa guda a gefen gonar da mijinta ya bar mata. Bazara na yi mu kaɗo 'ya'yan, mu yi ta lasar garin har bakinmu ya koma rawaya, ita kuma ta dafa kalwa ta rufe da ganye. Kwana uku gidan na wari. Muna toshe hanci tana yi mana tsiya, wai in miya ta nuna ai mu ne a gaba. Iyakar gonar kuwa kowa ya san ta: layin gamba ne, ɗorawar tana ciki da taku goma.

Ina 'yar firamare wani mai gina gidaje ya sayi filin maƙwabcinmu. 'Yan safiyo suka zo da la'asar, babbansu riƙe da wata na'ura kamar ƙaramin rediyo. Ya ɗaga ta sama, ya tsallake gamba, ya wuce ɗorawar, ya ce a kafa turken siminti a nan.

"Ɗana, ka wuce iyaka," in ji kaka. "Ga gamba can bayanka."

"Mama, wannan satilayit ne, ba ya ƙarya. Ciyawa ba takarda ba ce."

Dattawan unguwa suka roƙe shi ya dawo gobe ya sake aunawa. Ya ce oga na jiransa, ya shige mota. Ba a yi mako biyu ba aka sare ɗorawar, kaka na tsaye da hannu a ƙugu. Har ta rasu ba ta sake dafa kalwa ba.

Yau ni ma safiyo nake yi, kuma abin da na koya ya ƙara min takaici. Saƙon tauraron ɗan'adam, wato satilayit, sai ya ratsa wani sashe na sararin sama mai ɗauke da lantarki kafin ya iso hannunka. Idan rana ta yi aman wuta ta girgiza maganaɗisun duniya, wannan sashe yakan hargitse, saƙon ya makara ko ya karkace. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, samanmu dama ba ya zama lafiya. A irin wannan yini ƙaramar na'ura sai ta kai ka taku da yawa daga inda kake, tana nuna maka lamba ba kunya.

Na nemo takardar awon gonar, na duba kwanan wata, na gwada da bayanan masu lura da rana. Ashe a yinin rana ta yi irin wannan aman wuta, guguwar maganaɗisu tana tsakiyar ƙarfinta.

Ban ga laifin rana ba. Mutumin nan nake jin haushi, wanda ya ga gamba da idonsa, ya ji bakin dattawa, ya raina su don ba su da takarda.

Yanzu wurin ɗorawar fakin ɗin motoci ne. Ni kuwa duk tsohuwar da ta ce min na wuce iyaka, kashe na'ura nake yi in dawo washegari, abokan aiki su yi ta gunaguni. Su yi. Shi ma mutumin nan, ya dawo gobe kawai aka roƙe shi.